Daga Lifidi Zuwa Bindiga Mai Ruwa: Tarihin Kayan Yaƙi a Ƙasar Hausa

Tun daga ƙarni na 14 har zuwa farkon ƙarni na 20, yaƙi a ƙasar Hausa ya dogara ne a kan abubuwa uku: doki, da kibiya, da ganuwa. Doki shi ne ƙarfin mai kai hari, ganuwa ita ce mafakar wanda aka kai wa, kibiya kuwa makamin talaka ce, tana aiki a fili, tana aiki a kan badala. Bindiga ta shigo ƙasar da wuri, amma ta daɗe tana 'yar rakiya, ba ta mallaki fagen fama ba sai da ta zo a hannun rundunar Turawa. Yadda aka ƙera waɗannan kaya, da hanyoyin da suka biyo suka iso, da irin mutanen da aka yarda su riƙe su, suna da babban hannu wajen tashin sarautu da faɗuwarsu.

Doki da mahayinsa

Ƙasar Hausa fili ce shimfiɗaɗɗiya. Da zarar an kau da amfanin gona, rafuka sun ƙafe, mai doki yana iya ratsa ta daga wannan birni zuwa wancan ba abin da zai tare shi. Shi ya sa kaka da rani suka zama lokacin yaƙi. Ƙarfin doki yana da iyaka biyu. Ta kudu akwai kurmi da ƙudan tsando mai kashe dawaki, sannan akwai duwatsu irin na Ningi da na tsaunukan Jos, inda mai baka ke laɓewa a bayan dutse, mahayi kuwa ba shi da filin sukuwa. Duk sarautar da ta dogara da dawaki, a waɗannan wurare take cijewa.

Manyan dawakin yaƙi daga Barno da Azbin ake kawo mafi yawansu, kuma suna da tsada, riƙonsu ma tsada ne. Ingarma yana bukatar dawa ko gero, da harawa, da kanwa, da yaran da za su yi masa ciyawa su share masa barga. Talaka ba ya iya wannan ɗawainiya. Don haka doki ya zama abin sarauta: sarki ya ba hakimansa da bayinsa, hakimi ya ba barorinsa, wanda aka ba kuwa ya san ranar da aka yi kira dole ya ɗaura sirdi.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, bayan mutanensa sun sha mummunar asara a wani yaƙi. An kuma ambata cewa yakan aika wa Kwararrafa da dawaki, su kuma su aiko masa da bayi. Wannan musaya ta doki da bawa ta ci gaba da juya harkar yaƙi a wannan yanki har ƙarshen ƙarni na 19.

Lifidi aikin maɗinka ne. Ana ninka tufa mai kauri biyu, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi kusa da juna don kada audugar ta taru wuri guda. Na doki yana rufe shi tun daga wuya har zuwa gwiwa, na mahayi yana rufe ƙirji da ciki da cinyoyi. A kansa akwai kwalkwali, wanda akan ƙawata da gashin jimina. Amfanin lifidi shi ne kibiya ta shige cikin audugar ta maƙale tun ba ta taɓa fata ba, kuma wannan babban abu ne a ƙasar da ƙwarzanen kibiya mai dafi ya isa ya kashe doki. Aibinsa kuwa nauyi da zafi. Mai lifidi sai an tallafa masa yake hawa, dokinsa ba ya dogon gudu, in ya faɗi da wuya ya tashi da kansa, kuma auduga ba ta shiri da wuta. Saboda haka 'yan lifida ba su da yawa a kowace runduna. Kayan na sarki ne, masu sa su galibi bayinsa ne, aikinsu kuwa su fasa sahun abokan gaba ko su kewaye sarki.

Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna. Yawancinsa daga Masar da sauran ƙasashen gabas da arewa ya biyo ayari ya zo, maƙeran gida kuwa su gyara wanda ya tsinke. Yana tare saran takobi sosai, amma tsinin kibiya yana iya kutsawa ta ƙofar zobe, don haka akan sa shi a kan riga mai kauri. Kaya ne na manya, ana gadonsa daga uba zuwa ɗa.

Mafi yawan mahaya barade ne, waɗanda ba su ɗaukar nauyin lifidi, sun dogara da saurin doki da garkuwa. Barde yana riƙe da masu na jifa, wani kuma da asigiri, wato mashin da ƙarfe ne tun daga tsini har gindi. Takobinsa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, yana rataye a kafaɗa da hamila. Ruwan takubba masu yawa daga garin Solingen na Jamus ake ƙero su, su ƙetaro Sahara zuwa kasuwar Kano, inda maƙera ke sa musu mariƙi, dukawa su yi musu kube. Garkuwar da aka fi daraja ta fatar warwaji ce, akwai kuma ta ɓauna da ta giwa. Sirdin yana da tudu gaba da baya don ya riƙe mahayi lokacin karo, likkafa tana da faɗi, linzami kuwa mai tsanani ne ƙwarai, yana tsayar da doki cak yana tsakiyar sukuwa.

Dakaru, baka da dafi

Komai ƙawar dawaki, masu tafiya a ƙasa su ne suka fi yawa. Dakaru manoma ne da mafarauta da aka kira bayan girbi, kowa da abin da ya mallaka: wani mashi da garkuwa, wani takobi, wani barandami ko gatari ko kulki. Waɗanda aka fi jin tsoro a cikinsu su ne 'yan baka.

Kibiyar ƙasar Hausa gajeriya ce, jikinta kyauro, kanta ƙarfe mai kunnuwa da ke hana a zare ta ba tare da yage nama ba. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, don haka ba ta cin dogon zango, kuma ba ta da nauyin da za ta yi kisa da kanta sai an dace. Dafi ne ke cika mata aiki. Tushensa 'ya'yan kwankwani ne, a daka, a dafa har ya yi kauri ya yi baƙi, a haɗa da wasu itatuwa da abubuwan da kowane gida ke ɓoye sirrinsu, sannan a shafe kan kibiya a bar shi ya bushe. In ya shiga jini zuciya yake kamawa. Wannan ne ya sa mayaƙa ke tafiya da makari, ya kuma sa masu sanin haɗa dafi da karya shi suke da matsayi a sansani. A wajen kai wa gari hari, akan ɗaura wa kibiya tsumma mai wuta a harba kan jinka.

Akwai wani sashe na kayan yaƙi da mayaƙan kansu ba su raba shi da takobi da garkuwa, wato tsari. Rigar yaƙi takan cika da layu, ga guru a ƙugu, ga kambu a damtse, ga rubutun sha da maganin ƙarfe. Malamai suna bin runduna suna addu'a, suna zaɓar ranar fita. Ko me mutum zai ce game da tasirin waɗannan abubuwa, sun ƙarfafa zukatan waɗanda suka yarda da su har suka tunkari abin da ba za su tunkara ba in babu su.

Ganuwa

Maganin mai doki shi ne katanga. An danganta fara ginin ganuwar Kano ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara ta a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Lokacin da Turawa suka iso a 1903, sun ƙiyasta kewayenta ya kai mil 11, da ƙofofi 13, tsayinta kuma daga ƙafa 30 zuwa 50. A Zazzau ana danganta ganuwoyi da dama ga Sarauniya Amina. A Kabi, Kanta ya kewaye Surame da ginin dutse a ƙarni na 16, kufansa yana nan har yau.

Ba gidaje kaɗai ganuwa ke kewayewa ba. A cikinta akwai gonaki da rijiyoyi da kududdufai da filin da mutanen karkara za su shigo da dabbobinsu in an yi gudun yaƙi, domin birni ya iya ci da kansa ko an tsare shi wata da watanni. A bayanta akwai gwalalo mai zurfi da sarƙaƙiya. Ƙofa ƙuntatacciya ce, ƙyaurenta na katako ne da aka ɗaure da ƙarfe, kuma tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da almuru. Ta ciki an yi wa katangar matakala da wurin tsayawar 'yan baka. Bayan kowace damina ana gayyar jama'a a yaɓe inda ruwa ya zubar. Ƙauyen da bai isa gina ganuwa ba yakan yi kafi na itace da ƙaya.

Rundunar da ba ta da igwa ba ta da hanyar fasa irin wannan gini sai tsani, ko cinna wa ƙofa wuta, ko yunwa, ko cin amana daga ciki. Yunwa kuwa tana bukatar lokaci, ga shi dakaru manoma ne, da hadari ya fara haɗuwa hankalinsu ya koma gona. Wannan shi ne dalilin da ya sa yaƙoƙi da yawa tsakanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir suka ƙare a ƙona ƙauyuka da kwashe mutane da dabbobi, birnin kansa yana nan tsaye.

Tsarin runduna

Babu sarautar da ke riƙe da babbar runduna ta dindindin. Abin da ke akwai shi ne bayin sarki da barorin fada, waɗanda kullum a shirye suke, sai kuma abin da hakimai za su kawo in an buga kuge an kaɗa tambari. Ana kafa sansani a bayan gari har jama'a su taru. Yawancin manyan sarautun da aka sani yau daga wannan tsari suka fito. Madawaki shi ne shugaban mahaya, a Katsina Ƙaura ne jagoran yaƙi, ga Barde da Jarmai da Ubandawaki da Sarkin Baka, ga Shamaki mai kula da bargar sarki.

A fagen daga, 'yan baka ne ke fara harbi, da 'yan bindiga in akwai su, don su rikita sahun gaba. Sai 'yan lifida su danna su fasa, barade su bi ta kafar da aka buɗe, su kuma fafari masu gudu. Sarki yana baya da zaɓaɓɓun mayaƙa, tambura da kakaki suna sanar da inda yake. Rumfa ne aka ce ya fara al'adar dawakin zage, waɗanda zagage ke ja ba mahayi, domin in dokin sarki ya gaji ko ya ji rauni a sauya masa. Ladan mayaƙi ganima ce, mafi tsadar ganima kuwa mutum ne. Da bayin da aka kamo ake sayen dawaki, da dawakin ake kamo wasu bayin, kuma garuruwan da ke gefen manyan sarautu su ne suka ɗauki nauyin wannan ciniki.

Jihadi: ranar da baka ya rinjayi lifidi

Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804 ba su da dawakin kirki. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na wannan shekara, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifida da Azbinawa masu taimaka masa, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kimanin 20 ne kawai, sauran duk 'yan baka ne da masu tafiya a ƙasa. Suka tsaya ba su watse ba lokacin da dawaki suka auko, suka yi ta zuba kibau har rundunar Gobir ta karye. Dawaki da kayan da aka bari a filin su ne jarin farko na rundunar mahayan jihadi.

Nasarar ba ta zo a jere ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'ar ta yi asarar kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani masu yawa, ta kuma sha wuya a Alwasa a 1805. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta tsaya a bayan ganuwarta har 1808 kafin a ci ta a kashe Yunfa.

Da daular Sakkwato ta kafu, sai ta koma kan kayan da ta kayar. Sarakunan da aka ba tuta suka gaji bargogi da lifida da sulkuna na sarakunan da suka kora, suka gaji sarautun yaƙinsu. Abin da aka ƙara shi ne ƙa'idar raba ganima bisa shari'a, da fitar da humusi, da kuma ribaɗi, wato garuruwan tsaro a bakin iyaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837, shekara guda bayan ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa masarautar tana iya fitar da mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Duk da wannan ƙarfi, Maraɗi da Tsibiri da Argungu da Abuja da Ningi sun gagari daular har ƙarshen ƙarnin, wasu saboda ganuwa da dawakinsu, wasu saboda duwatsu da fadamu.

Bindiga

Labarin bindiga ya daɗe da isowa wannan yanki. A 1591 rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi da bindigogi. A cikin wannan ƙarni Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. A Kano, Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarkin farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ga rundunar Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a Konya a 1826, a cikin dubun dubatar mayaƙa masu bindiga ba su kai 50 ba.

Dalilan suna da yawa. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a sa harsashi ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, sannan a jira ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin a gama wannan, gwanin baka ya saki kibau da dama. In akwai danshi ta ƙi tashi, in an cika mata albarushi ta fashe a hannun mai ita. Ƙasar Hausa kuma tana nesa da teku, ƙasashen da ke tsakani ba su son makami ya wuce su zuwa hannun wanda zai iya juyowa kansu. Ga shi manyan mayaƙa suna ganin jarunta a kan doki take, da mashi da takobi. Sarakuna su ma ba su so hakimai su tara bindigogi, don haka suka tsare su a fada suka damƙa wa bayi.

Daga wajen 1860 al'amarin ya fara sauyawa. Jiragen ruwan 'yan kasuwar Turai suka riƙa hawowa Kwara, Etsu Masaba na Bida ya tara bindigogi da albarushi ta hanyarsu, ya kuma tsare hanyar don kada su wuce arewa sai da yardarsa. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sayo bindigogi ta hanyar Turabulus, ya sa maƙeransa suna haɗa albarushi suna zuba igwa. Rabe ya zo daga gabas da runduna mai horo da bindigogin zamani, ya ci Barno a 1893, ya rushe Kukawa, ya zauna a Dikwa. A Kano, yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, ya ɗaga darajar bayin sarki masu bindiga, har aka san Sarki Alu da laƙabin Mai Sango, saboda wani gajeren mashi da ake ɗura wa bindiga a harba. Amma daidai lokacin da sarakuna suka farga, sai ƙofa ta rufe: a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels ta hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka.

Daga Bida zuwa Burmi

Rundunar da ta ci daular Sakkwato ba ta da yawa, kuma in ban da hafsoshi, sojojinta 'yan Afirka ne, da yawansu Hausawa da Yarabawa, ana ba su umarni da Hausa. Bambancinsu da mayaƙan sarakuna shi ne albashi, da horo na kullum, da makami. Bindigarsu ta gindi ake sa mata harsashi, tana cin zangon da kibiya ba ta kusa da shi. Suna da igwa da ake kwancewa 'yan dako su ɗauka a ka. Suna kuma da bindigar da Hiram Maxim ya ƙera a 1884, wadda Hausawa suka sani da bindiga mai ruwa saboda ruwan da ke sanyaya bakinta, tana zubar da harsashi wajen 500 a minti guda. In dawaki suka taso, sojojin sai su tsaya sahu huɗu suna fuskantar kowane ɓangare, 'yan dako a tsakiya, bindiga mai ruwa a kusurwoyi. Ta ko'ina mahayi ya ɓullo wuta zai tarar, kuma lifidin da ke tare kibiya ba ya tare harsashi.

An fara ganin haka a Bida cikin Janairun 1897, inda sojojin kamfanin Royal Niger kimanin 500 suka karya dubban mahayan Nufe, suka wuce Ilori a wata na gaba. Bayan Baturen nan Lugga ya kafa mulkin Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauci a 1902. A gabas, Faransawa sun riga sun shiga Damagaram a 1899, suka kashe Rabe a Kusiri a watan Afrilun 1900.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da sojoji 700 da 'yan kai, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Sarki Alu ya tafi Sakkwato da yawancin mahayansa. Harsashin igwa ya kasa yi wa ganuwar komai, sai ya nutse cikin ƙasa. Ƙofa ce ta ba da kafa: aka fasa ta Kabuga aka shiga, Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki. A ƙarshen watan, mahayan Kano da ke komowa gida suka yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojoji da ba ta kai mutum 50 ba kusa da Kwatarkwashi. Suka yi ta kai hari a kan sahun, ba su fasa shi ba, Waziri Ahmadu ya faɗi a nan. Ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fito da rundunarsa fili a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, kuma kafin rana ta take an gama.

Inda Turawa suka sha wuya shi ne inda aka bar sukuwa a fili aka koma faɗan kusa. A Burmi an kore harinsu na farko a watan Mayu. A na biyu, ranar 27 ga Yuli 1903, an yini ana gwabzawa, kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh da ke jagorantarsu, Attahiru kuma, wanda ya isa can bayan ya bar Sakkwato, ya yi shahada tare da mutanensa fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da sauran jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a ƙasar Sudan. A Satiru, cikin Fabrairun 1906, talakawa masu gatura da fartanyoyi da kibau suka auka wa sojoji tun ba su gama daidaita sahu ba, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Wata guda bayan haka aka komo da babbar runduna aka shafe garin. A watan Afrilu na wannan shekara Sarkin Haɗeja Muhammadu ya mutu yana faɗa a cikin birninsa, daga nan yaƙin dawaki ya ƙare a ƙasar Hausa.

Abin da ya rage

Da aka hana yaƙi da harin bayi, kayan suka koma na hawa. Turawa da kansu sun ƙarfafa wannan, suka riƙa tara sarakuna da dawakinsu don tarbar manyan baƙi, kamar hawan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. An sake yin babban hawa a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A hawan salla na Kano da Katsina da Zariya da sauran masarautu, jerin da ake gani tsohon jerin fita yaƙi ne: 'yan bindiga suna barin albarushi, 'yan lifida da 'yan sulke suna kusa da sarki, zagage suna jan dawakin zage, hakimai suna zuwa da jama'arsu ƙungiya-ƙungiya, jahi kuwa harin barade ne da aka mayar gaisuwa. Madawaki da Ƙaura da Barde sun zama hakimai da 'yan majalisar sarki. Ana ajiye da tsofaffin makamai a gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano, ganuwoyi kuwa ruwa da masu gini sun cinye mafi yawansu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.